Abin da Ruwaida Ta Faɗa wa Shamsiya

Ruwaida ta zo Lyon ne daga Damagaram don karatun tace ruwan sha. A ƙungiyar ɗaliban Nijar ta haɗu da Zailani, ɗan Maraɗi, wanda ya riga ta zuwa da shekaru. Shi ne mai jan sallah idan an taru shan ruwa da azumi, shi ake kira kuma idan sabon ɗalibi ya sauka bai san inda zai kwana ba. Da ya nemi aurenta babu wanda bai taya ta murna ba. Aka ɗaura auren a Damagaram, su biyun suna kallo ta waya daga falon yayarsa Hajiya Maimouna, wadda ta daɗe da zama a Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon. Suka kama ɗan gida a bene ɗaya da Hajiyar, hawa biyu a samanta.

Ba a jima ba Zailani ya samu aiki a Rungis, babbar kasuwar abinci da ke gefen Paris, a ofishin wani kamfani mai shigo da 'ya'yan itace. Aikin dare ne, sai gari ya waye ake tashi. Ita ma a lokacin ta samu nata a wani ɗakin gwajin ruwa a Lyon, ba ta so ta sake shi. Sai ya kama ɗaki kusa da Porte de la Chapelle, yakan hau jirgin ƙasa ranar Asabar ya zo, ya koma ranar Litinin. Yakan zo da mangwaro da abarba a jakarsa, ya yi barci har la'asar. Kullum akwai kanumfari a bakinsa. Ya ce haƙori ne ke damunsa, ta yarda.

A shekara ta biyu ta samu ciki. Ungozomar asibiti ta ɗibi jininta kamar yadda ake yi wa kowace mai ciki, bayan 'yan kwanaki aka kira ta aka ce ta dawo. Likitar da ta gani mace ce mai furfura. Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da Ruwaida maimakon ta zauna bayan tebur.

Ta gaya mata a hankali cewa an samu ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau, a jininta, an sake gwadawa an tabbatar. Ta ce yanzu ba kamar da ba ne. Akwai magani da ake sha kullum, mutum ya yi rayuwarsa har tsufa, kuma idan ta fara yanzu, kusan tabbas ne jaririn zai fito lafiya. Ruwaida tana jin maganar kamar ana yi wa wata. Abu ɗaya ta iya faɗa.

"Ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina."

"Ba na tuhumarki da komai," in ji likitar. "Amma ya kamata shi ma ya yi gwaji. Doka ba ta ba ni damar gaya masa ba. Ke ce za ki faɗa, ko ki kawo shi mu faɗa tare."

Ranar Asabar ta bar shi ya yi barcinsa, ya tashi ya yi sallah, ya ci abinci. Sannan ta zauna a gabansa ta gaya masa. Ta yi tsammanin zai tashi tsaye, ko ya zarge ta, ko ya rantse. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ɓawon mangwaro a faranti. A nan ta gane ba sabon labari ta kawo masa ba.

"Malam, ka sani?"

"Ban sani ba. Wallahi ban yi gwaji ba."

"To me ka sani?"

Ya ce a Rungis, idan an tashi aiki da safe, abokan aiki sukan shiga mashayar cikin kasuwa, don safiyar nan ita ce maraicensu. Watanni ya yi yana shan kofi a cikinsu. Wata rana shugabansu ya yi bikin ƙarin girma, aka miƙo masa kofin giya, ya ji kunyar mayarwa. Ranar ya yi barcin da bai taɓa yi ba tun da ya fara aikin dare. Daga nan ya zama kofi ɗaya don barci, sai biyu, sai kwalba a ɗaki. Idan ya sauka daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a buge, akwai mata a bakin hanyar unguwar, wasu ma ba su san inda hankalinsu yake ba. Ya ce ba kullum ba ne.

"Ba ka sa kwaroron roba?"

Ya ɗago ya dube ta kamar ta faɗi abin da bai dace da bakinta ba.

"Ruwaida, in shiga kantin magani da hankalina in sayi wannan abu? Ai in na saya, na ƙudura niyyar zina ke nan. Ni ban taɓa fita da niyya ba. Kullum cewa nake yau ba zan yi ba. Sai na sha, sai in farka in ga an riga an yi."

"An riga an yi," ta maimaita. "Wa ya yi?"

Ta ci gaba da tambaya har ya faɗi sauran. Tun bara wata daga cikin matan, wadda ya saba da ita har ta samu lambarsa, ta kira shi tana kuka ta ce ya je ya yi gwaji. Ya goge lambar. Ya yi sati bai sha ba, ya yi azumin nafila, ya ce a ransa Allah ya karɓi tubarsa. Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo Lyon ya kwana da matarsa, haka kuma duk Asabar ɗin da ta biyo.

Ruwaida ta tashi ta kwashe kwanuka. Tana wankewa ya zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Don girman Allah abu ɗaya nake roƙo. Ko za ki gaya wa Yaya, kar ki ambaci giyar. Ciwo ƙaddara ne, kowa zai iya samu. Amma in aka ji ina sha, na gama yawo a cikin mutanenmu."

Ta rufe famfo ta dube shi. Tun da ta fara magana bai tambayi lafiyar cikin ba.

Gwajinsa ya nuna abin da suka sani. Dole aka gaya wa Hajiya Maimouna, don ita ce za ta tsaya a kan haihuwa. Ruwaida ba ta ɓoye komai ba, har giyar. Hajiya ta yi kuka sosai, ta zagi Paris, ta zagi abokan banza, ta share hawaye da gefen mayafi.

"Yanzu dai abin da ya faru ya faru, ƙanwata. Rufin asiri ya fi komai. Ke da shi tsintsiya ɗaya ce. In kin tona shi, kanki kika tona."

Ruwaida ta sha maganinta kullum da safe ba fashi. Kafin wata na bakwai likitar ta ce ƙwayar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta a jini. Ta haifi mace, aka sa mata A'i. Aka ba jaririyar magani na 'yan makonni, likitoci suka shawarce ta da ta ba ta madarar gwangwani maimakon nono. Ranar suna mata suka cika falon, kowace ta ga kwalbar madara sai ta tambaya. Hajiya ce ke amsawa, ta ce ruwan nonon ne bai zo ba. Wata dattijuwa ta ce 'yan boko dai ba sa son jikinsu ya lalace. Ruwaida ta yi murmushi, ƙirjinta ɗaure da zane yana mata zogi.

Gwaje-gwajen A'i duk suka fito lafiya, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka ba ta sakamakon ƙarshe Ruwaida ta zauna a bencin tashar bas ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko. Da Zailani ya zo Asabar ɗin, ta nemi ya sake ta.

Ta yi ƙoƙari kafin nan. Ta raka shi wajen likitan masu son barin sha, ya je sau biyu ya ce ba zai zauna cikin masu shaye-shaye yana ba da labarin kansa ba. Ta ce ya nemi aiki a Lyon, ya ce albashin Paris ya fi. Kanumfarin da yake ɓoye warin giya da shi dai bai bar bakinsa ba. Abin da ta kasa jurewa shi ne ranakun da ake taron ƙungiya, ya sa farar jallabiya ya shiga gaba, ita tana sahun mata tana jin muryarsa mai daɗi tana karatu.

Ya sake ta ba gardama, da sharaɗin ba za ta faɗi dalili ba. Mutane suka samo nasu dalilin. Aka ce ta samu takardun zama da aiki mai kyau, ta ga ta fi ƙarfin yaron kirki. Ta ji, ta yi shiru. Ta ci gaba da zama a gidan, tana haɗuwa da Hajiya a matakala suna gaisawa sama-sama.

A'i na da shekara biyu labari ya zo cewa Zailani zai yi aure. Yarinyar sunanta Shamsiya, haifaffiyar Faransa ce, iyayenta 'yan Tahoua mazauna gefen Paris. An sa rana bayan Babbar Sallah.

A makon ne ya zo Lyon ganin 'yarsa, ya sauka wajen yayarsa. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Da ya hawo ɗaukar A'i, Ruwaida ta tsayar da shi a ƙofa.

"Baban A'i, ka gaya mata?"

"Wannan ba huruminki ba ne yanzu."

"Ka gaya mata ko ba ka gaya mata ba?"

"Ke ma kin san abin da likita ya ce. Mai shan magani ba ya sa wa kowa."

"Mai shan magani kullum, wanda aka auna aka ga ƙwayar ta kwanta. Kwana biyu za ka yi a nan. Ina maganinka?"

Ya taɓa aljihu, ya ce ya manta da shi a Paris. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da asibiti. Ya ce aiki ya yi yawa. Sannan ya rage murya.

"Aure ne zai gyara ni, Ruwaida. In ina da mata a kusa, a gida ɗaya, ba zan sha ba. Nisa ne ya ɓata ni. In na gaya mata yanzu za ta gudu, in koma inda na fito. So kike in lalace?"

"Kana kwana da ita?"

"A'uzubillahi. 'Yar mutunci ce."

Ya ɗauki A'i ya sauka. Da yamma Ruwaida ta je ta samu Hajiya a kicin, ta roƙe ta ta sa shi ya faɗa, ko a ɗaga auren har ya koma kan magani. Hajiya ba ta daina yankan albasa ba.

"Kin ce ba kya sonsa, an rabu. Yanzu kuma ya samu wata, kin zo da wa'azi. Cutar nan Allah ke sa wa wanda ya so. Ki bar yaro ya rufa wa kansa asiri."

Ruwaida ta yi makonni tana juya abin. Ta san hanya ɗaya ce za ta sa Shamsiya ta yarda, wato ta fara da kanta. Ta san kuma maganar da ta fita daga baki ba ta da linzami. Ta tuna mahaifiyarta a Damagaram, wadda har yanzu ke cewa a yi haƙuri a koma ɗaki. Ta tuna A'i da za ta girma cikin yaran unguwar. Amma duk safiya idan ta haɗiyi ƙwayar maganinta sai ta ce a ranta, da wani ya gaya mini.

Ta samu lambar Shamsiya wajen wata tsohuwar abokiyar karatu. Ta ɗauki hutun rana ɗaya, ta kai A'i gidan reno, ta hau jirgin safe. Suka haɗu a wani gidan shayi kusa da tashar jirgin a Paris. Shamsiya doguwa ce, da ɗankwali shuɗi da jakar aiki, Hausarta na gauraye da Faransanci. Ta zauna a bakin kujera ba ta cire rigar sanyi ba.

"Anti, in maganar kishi ce, gaskiya ba ni da lokaci."

"Ba kishi ba ne. Ina da sida. Wajen Zailani na samu."

Ta faɗa mata komai a jere, mashayar Rungis, matan bakin hanya, kiran da ya goge, maganin da ya bari a Paris. Ta buɗe jaka ta ɗora kwalbar maganinta a tebur. Shamsiya ta ɗauka ta karanta sunan, ta duba a wayarta, ta ajiye a hankali.

"C'est pas possible, ba zai yiwu ba. Shi ke tashina sallar asuba ta waya."

"Ni ma ya tashe ni."

"Me ya sa zan yarda da ke?"

"Kar ki yarda da ni. Ki ce masa ku je ku yi gwaji tare kafin aure, ku karɓi sakamako tare. Ki kalli fuskarsa lokacin da kike faɗa. In kin ji kin gani kina sonsa a haka, ki aure shi, mutum ne, ana zama da masu ciwon lafiya lau in suna shan magani. Ni dai ba a tambaye ni ba. Abu ɗaya nake roƙo, maganata ta tsaya tsakaninmu."

Shamsiya ta yi alkawari. Shayinta ya huce ba ta taɓa ba.

Bayan kwana kaɗan aka fasa auren. Shamsiya ta nemi gwajin, Zailani ya yi fushi ya ce an ci mutuncinsa, ta mayar masa da kayansa. Amma an riga an gaya wa dangi, an kama zauren biki, iyayenta suka tsare ta sai ta faɗi dalili. Ta gaya wa mahaifiyarta, ta ce kar ta faɗa wa kowa. Mahaifiyar ta gaya wa ƙanwarta don ta samu abin kare kanta a wajen mutane.

Kafin maganar ta iso Lyon ta canza kama. Giyar ta zube a hanya, don babu wanda zai iya haɗa Zailani da kwalba a ransa. Abin da ya iso shi ne Ruwaida na da sida, da bakinta ta faɗa, har magani ta nuna. Mace mai zaman kanta a Lyon miji na Paris, mai aiki cikin Turawa, wa ya san abin da take yi? Ta je ta shafa wa bawan Allah ƙazafi don kar ya yi aure. Waɗanda suka yarda yana da ciwon ma suka ce ai an san inda ya samo. Sai ga shi kowa ya tuna kwalbar madarar ranar suna.

Zailani bai ce ita ta sa masa ba. Bai kuma ce ba ita ba ce. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ya bar wa Allah, mutane suka yaba haƙurinsa.

Hajiya Maimouna ta tare Ruwaida a matakala, A'i na riƙe da hannunta.

"Kin huta? Na gaya miki kanki za ki tona."

"Hajiya, kin san gaskiya. Ke kaɗai na gaya wa komai tun farko."

"Ni ban san komai ba. Ƙanena na sani."

Mahaifiyar Ruwaida ta kira daga Damagaram. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta tambaya ko gaskiya ne, Ruwaida ta ce gaskiya ne tana da ciwon, ta fara bayanin yadda aka yi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yarda da ita. Sannan ta ce, "Amma 'yar nan, da kin yi shiru. Ƙannenki biyu ba su yi aure ba."

Aka yi wani suna a unguwar, Ruwaida ta dafa dambun shinkafa da zogale kamar yadda ta saba, ta kai. Aka karɓa da godiya aka ajiye a gefe. Da za ta tafi ta tarar da tukunyar yadda ta kawo ta, ko murfin ba a ɗaga ba. Wasu daga cikin matan da ke falon masu digiri ne, sun san ba a ɗaukar cutar a abinci. Ta ɗauko tukunyarta, ita da A'i suka ci dambu kwana uku. Daga Shamsiya saƙo ɗaya ya zo, cewa ta yi nadamar yadda abin ya fita, ba da nufinta ba ne. Ruwaida ta karanta ba ta amsa ba.

Da hutun bazara Zailani ya tafi Maraɗi. Ya dawo da labarin an ɗaura masa aure da wata 'yar dangin mahaifiyarsu, malamar makaranta. Ruwaida ba ta san sunanta ba, kuma babu wanda zai ba ta lamba yanzu. Ta aika wa Zailani saƙo tana tambaya ko ya koma asibiti. Ya toshe ta.

Sai da aka shekara kafin amaryar ta samu biza. Aka sauke ta wajen Hajiya kafin Zailani ya sami gida a Paris. Wata ranar Laraba Ruwaida ta dawo daga aiki da A'i, ta tarar da wata baƙuwa a ƙasan bene tana jiran lif, da lalle a hannu, da rigar sanyin da ta yi mata yawa. Yarinyar ta yi wa A'i murmushi, ta ce kai, wannan kyakkyawa 'yar wa ce.

"Sunanta A'i. Ni ce Ruwaida. Sannu da zuwa, ƙanwata. In kin samu lokaci ina so mu yi magana, ko minti kaɗan ne."

Murmushin ya ɗauke. Amaryar ta ja mayafinta ta rufe baki da hanci, ta ja da baya.

"An gaya mini ke," ta ce.

Ƙofar lif ta buɗe. Amaryar ta juya ta bi matakala da sauri, takalminta na ƙara har ta kai hawan Hajiya, aka buɗe mata aka rufe. A'i ta ja hannun uwarta ta ce ita za ta danna lambar. Ruwaida ta ɗaga ta ta danna.